Daga filin wasa zuwa gaban madubi: me ke kai samari ga maganin gina tsoka?

A watan Satumban 2023, wata cibiya mai bin diddigin abin da ke yawo a intanet, wadda aka fi sani da CCDH, ta fitar da rahoto cewa bidiyoyin TikTok masu tallata magungunan gina tsoka an kalle su har sau miliyan 587 a Amurka cikin shekara uku, kuma mafi yawan masu kallon ba su kai shekara 25 ba. Kamfanin TikTok ya ƙi yarda da lissafin, ya ce an zuba bidiyon talla da na gargaɗi a kwando ɗaya. Ko ma dai yaya ne, rahoton ya tayar da hankalin iyaye.

Sai dai akwai wasu alƙaluman da suka bi wata hanyar daban. Jami'ar Michigan tana tambayar ɗaliban sakandaren Amurka duk shekara game da abubuwan da suke sha. A 2002, kashi 4 cikin 100 na 'yan ajin ƙarshe sun ce sun taɓa amfani da irin wannan magani. A 'yan shekarun nan da wuya adadin ya kai kashi 2. Wato a waya abin ya cika ko'ina, a takardar bincike kuma ya ragu da rabi ko fiye.

Duka biyun suna iya zama gaskiya. Takardar makaranta tana ƙirga wanda ya riga ya sha kafin ya gama sakandare, waya kuwa tana nuna wanda ake kwaɗaita wa abin tun yanzu. Sannan mutumin da aka tsara dokoki da gwaje-gwaje dominsa shekara 30 da suka wuce, wato ɗan wasa mai neman zinare ta hanyar maguɗi, a yau irinsa 'yan kaɗan ne cikin masu amfani da maganin. Kusan huɗu cikin biyar ɗinsu ba su da gasar da za su shiga. Da madubi suke gasa.

Wane magani ake nufi?

Maganin gina tsokar shi ake kira sitiroyid, amma sitiroyid sunan dangi ne, kuma gida biyu ne a dangin ke rikita mutane. Gida na farko shi ne na su deksametazon da firednisolon, waɗanda likita ke rubutawa don asma, kumburi, ciwon gaɓoɓi ko ƙaiƙayi. Waɗannan ba sa gina tsoka ko kaɗan. Wanda ya daɗe yana shansu ma tsokarsa narkewa take yi, fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki da ƙeya, sukari da jini su hau. Irinsu ne ke cikin da yawa daga ƙwayoyin ƙibar nan da ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe", da wasu mayukan bilicin. Ƙibar da suke sawa ruwa ce da kitse. Wannan rikicin suna har cikin alƙaluma yake shiga: a 2007 wasu masu bincike na Harvard sun nuna cewa ɗalibai da dama, musamman 'yan mata, suna amsa "e" a takardar tambaya ne saboda an taɓa ba su maganin asma ko man shafawa.

Gida na biyu su ne waɗanda likitoci ke kira anabolik, kuma a kansu ake wannan magana. Kwaikwayon testostiron ne, sinadarin da maraina ke samarwa, wanda idan yaro ya balaga yake sa muryarsa ta yi kauri, gemu ya tsiro, ƙirji ya buɗe. Aiki biyu sinadarin yake yi a tare, gina tsoka da fito da siffofin namiji. Tun shekarun 1950 masana haɗa magunguna ke ƙoƙarin raba ayyukan biyu don su samu mai gina tsoka zalla, har yau abin ya gagara.

A asibiti suna da amfaninsu. Ana ba yaron da balagarsa ta yi jinkiri sosai, da namijin da jikinsa ba ya samar da isasshen testostiron, da majinyacin da ciwon daji ko ƙanjamau ko mummunar ƙuna ta ramar. Abin da ake yi a gidajen motsa jiki daban ne. Hukumar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ce abin da masu gina jiki ke ɗirka wa kansu yakan ninka na asibiti sau 10 har zuwa sau 100. Sukan haɗa iri biyu ko uku, ƙwaya da allura, su yi makonni a kai, su huta, su koma. Wannan shi suke kira zagaye. Wanda ya fi tashe a bidiyoyin matasa, tirenbolon, a yau maganin dabbobi ne, ana amfani da shi wajen ƙosar da shanu kafin a kai su mahauta.

Garin furotin da kiriyatin da ake sayarwa a shaguna ba sitiroyid ba ne. Akwai kuma wasu sababbin sinadarai da ake kira SARM, ana tallarsu da cewa suna aikin sitiroyid ba tare da illarsa ba. Babu ko ɗaya da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a ba ɗan Adam. A 2017 masu bincike sun sayi irin waɗannan kayayyaki guda 44 ta intanet suka auna, sai suka tarar kashi 52 cikin 100 ne kawai ke ɗauke da SARM ɗin.

Yadda ya fito daga ɗakin gwaji

An fara haɗa testostiron a ɗakin gwaji a 1935. Zuwa shekarun 1950 'yan ɗaga ƙarfe na Tarayyar Sobiyet sun fara amfani da shi, a 1958 kuma kamfanin Ciba ya fitar da ƙwayar Dianabol a Amurka, wadda likitan tawagar ɗaga ƙarfe ta ƙasar, John Ziegler, ya yaɗa a tsakanin 'yan wasansa. Inda aka fi sanin an ba yara maganin a tsare shi ne Jamus ta Gabas. Daga 1974 gwamnati da kanta ta mayar da shi shiri na ƙasa. Ana ba 'yan mata masu ninƙaya, wasunsu ba su wuce shekara 13 ko 14 ba, shuɗiyar ƙwayar Oral-Turinabol, a ce musu bitamin ce. A gasar Olamfik ta Montreal a 1976 matan Jamus ta Gabas sun lashe zinare 11 cikin 13 na ninƙayar mata. Sai a 2000 wata kotu a Berlin ta samu tsohon shugaban wasannin Jamus ta Gabas, Manfred Ewald, da babban likitansu, Manfred Höppner, da laifi, ta yi musu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka.

Shekarar 1988 ce ta buɗe idon jama'a. A Satumba aka ƙwace zinaren tseren mita 100 daga hannun Ben Johnson na Kanada a gasar Olamfik ta Seoul, bayan an samu wani sitiroyid mai suna sitanozolol a fitsarinsa. A Disamba kuma mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa binciken William Buckley da abokan aikinsa, wanda ya nuna kashi 6.6 cikin 100 na samarin ajin ƙarshe na sakandare sun taɓa sha. Hankalin kowa ya tafi kan Johnson da maguɗin wasa, kuma da wannan tunanin majalisar Amurka ta sa sitiroyid cikin jerin ƙwayoyin da doka ta ƙayyade a 1990. Amma a cikin binciken Buckley akwai abin da aka yi wa kallon sama-sama. Kusan ɗaya cikin huɗu na yaran sun ce don kyan jiki suke sha.

Akwai kuma wani kuskure da likitoci suka tafka wanda har yau ake biyan bashinsa. Shekaru da dama matsayinsu shi ne babu tabbacin cewa maganin yana ƙara ƙarfi ko girma, kuma haka babbar ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta rubuta a 1977. Gwaje-gwajen lokacin da ɗan ƙaramin awo aka yi su, shi ya sa ba a ga komai ba. 'Yan ɗaga ƙarfe kuwa suna kallon abokansu suna murɗewa cikin wata biyu, gani ya kori ji. Sai a 1996 Shalender Bhasin da tawagarsa suka yi gwajin da ya yanke gardama. Mazan da aka yi wa allurar testostiron mai yawa tsawon mako 10, ba tare da sun ɗaga ko tsinke ba, sun ƙara kusan kilo 3 na tsoka. Waɗanda suka yi ta ɗaga ƙarfe babu allura kilo 2 suka ƙara. Waɗanda suka haɗa biyun sun ƙara kilo 6. Kafin nan amana ta riga ta karye. Wanda ya ce maka abu ba ya aiki, ka gwada ka ga yana yi, in ya dawo ya ce yana kisa da wuya ka saurare shi. Wani bincike na 2004 ya gano fiye da rabin masu amfani da maganin ba su taɓa gaya wa likita ba. Sun fi yarda da babban yaya a wurin ɗaga ƙarfe, ko a yanzu mai bidiyo.

Jikin namiji ya zama kayan kallo

Harrison Pope, likitan ƙwaƙwalwa a Harvard, ya daɗe yana nazarin abin da ke sa samari shan maganin don kyan jiki, kuma ya ɓullo mata ta inda ba a zata ba. A 1999 shi da abokan aikinsa suka auna mutum-mutumin sojan nan na wasan yara, G.I. Joe. Da za a mayar da na 1964 girman mutum, kaurin damtsensa zai zama kusan inci 12, irin na kowane lafiyayyen saurayi. Wani samfurin na ƙarshen shekarun 1990 kuwa damtsensa ya haura inci 26, abin da babu ɗan gina jikin da ya taɓa kaiwa. Yaro tun bai iya karatu ba an riga an danƙa masa ma'aunin da ba na mutane ba.

A 2000 suka nuna wa ɗaliban jami'a maza a Amurka, Faransa da Ostiriya hotunan jiki iri-iri, aka ce kowa ya zaɓi wanda yake so ya zama. A duka ƙasashen uku sun zaɓi jikin da ya fi nasu tsoka da kusan kilo 13, kuma sun ɗauka abin da mata ke so ke nan. Da aka tambayi matan, jiki na yau da kullum suka zaɓa. Da aka maimaita irin gwajin a Taiwan a 2005, sai aka tarar samarin can sun fi gamsuwa da jikinsu nesa ba kusa ba. Alƙaluman duniya ma sun nuna irin wannan bambanci. A 2014 Dominic Sagoe na Jami'ar Bergen ya tattara bincike 187, ya ƙiyasta kashi 3.3 cikin 100 na mutane sun taɓa amfani da maganin, kashi 6.4 a maza, 1.6 a mata. Amma a Asiya adadin 0.2 ne, a Afirka 2.4, a Turai 3.8, a Gabas ta Tsakiya kuma 21.7, ko da yake da yawa daga binciken wannan yankin a gidajen motsa jiki aka yi su, abin da ke kumbura adadin. Ƙwayar iri ɗaya ce a ko'ina. Abin da al'umma ke kira cikakken namiji ne ya sha bamban.

Mai karatu zai iya auna wannan da abin da ya sani. A dambe ko kokawa ba a tambayar faɗin ƙwanji. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ne mai ƙarfi, ko da siriri ne kamar sillen kara. A hoto kuwa babu wanda za a kayar, siffar ita ce komai.

Me ya sauya ma'aunin? Bayani na farko zagaye yake yi. Shi kansa maganin ne ya samar da jikunan da suka cika fina-finai, mujallu da wasan kokawar talabijin tun daga shekarun 1980, sannan aka gabatar da su a matsayin ribar ƙwazo da cin abinci mai kyau. Yaron da ya yi shekara biyu yana ɗaga ƙarfe bai kai can ba sai ya ɗauka shi ne mai naƙasu. Bayani na biyu, wanda Pope da wasu masana zamantakewa suka kawo, shi ne cewa ayyukan ƙarfi sun ragu a ƙasashe masu masana'antu, mata sun shiga kusan kowane aiki, sai jiki ya rage a matsayin alamar mazantaka da babu mai ƙwace ta. Wannan hasashe ne mai ma'ana, amma ya fi na farko wuyar tabbatarwa.

A ƙarshen wannan hanya akwai larurar da likitocin ƙwaƙwalwa suka sa wa suna a 1997, kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka kuma ya shigar da ita a 2013. Mutum ƙato, ƙirar samudawa, amma in ya dubi madubi ramamme yake gani. Yakan ƙi zuwa biki don kada ya rasa motsa jikin ranar, ya sa manyan kaya a lokacin zafi don ɓoye jikin da yake jin kunyarsa. Yawanci a ƙarshen shekarun samartaka take farawa.

Waya ta ƙara wa abin gudu. Da, sai yaro ya san wani a gidan ɗaga ƙarfe kafin ya ji labarin allura. Yanzu in ya kalli bidiyon motsa jiki biyu ko uku, manhajar da kanta za ta jero masa wasu, daga na atisaye zuwa na "yadda na sauya cikin wata uku". Rahoton CCDH ya samu masu bidiyo da ke ba mabiyansu lambar rangwame ta shagunan da ke sayar da sinadaran, su kuma a ba su lada. Hoton da yaro ke gani an ɗauke shi ne a ranar da jikin ya fi cika, a hasken da aka zaɓa. Watannin da mai jikin ke kwance ba kuzari ba a ɗaukarsu. Ƙarya ma tana da kasuwa: Brian Johnson, wanda aka sani da Liver King, ya tara miliyoyin mabiya yana cewa ɗanyar hanta da rayuwa irin ta kakanni ce ta gina shi, yana kuma sayar da kayan ƙarin abinci. A Disamban 2022, bayan wata wasiƙarsa ta fallasa tana nuna yana kashe kusan dala 11,000 a wata kan magunguna, ya fito ya amsa.

Inda wasa ke nan daram

Duk da haka filin wasa bai fita daga lissafi ba, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 18. Taylor Hooton ɗan shekara 17 ne, mai jefa ƙwallo a ƙungiyar besbol ta makarantarsa a Plano, jihar Texas. Iyayensa sun ce wani mai horarwa ne ya gaya masa sai ya ƙara girma in yana son shiga babbar tawaga. Ya fara allura, ya daina, ya faɗa cikin matsananciyar damuwa, a Yulin 2003 ya kashe kansa. A Afirka ta Kudu, inda wasan rugbi na makarantu ke jawo 'yan kallo da masu farautar 'yan wasa, an samu yara shida da sitiroyid a jikinsu a gasar Craven Week ta 2018. A Jamhuriyar Dominika kuwa talauci ne ke tuƙa motar. Ƙungiyoyin besbol na Amurka suna iya sa hannu da yaro daga shekara 16, don haka masu horarwa na bayan fage ke ɗaukar yara tun suna 12 ko 13, kuma an sha samun magungunan dabbobi masu araha a hannunsu. Ga iyalin da ke ganin kwantiragi ɗaya zai fitar da su daga ƙangi, gargaɗin ciwon zuciya a shekara 45 magana ce ta nesa.

A duk waɗannan misalai akwai babba a kusa, mai horarwa, uba ko dillali, wanda ko dai ya tura ko ya kau da kai.

Masana sun rabu kan wane irin yaro ne ya fi faɗawa. Wasu na ganin mai tsananin horon kai ne, wanda ba ya shan taba, yana auna abincinsa, yana kallon allura kamar wani ɓangare na tsarinsa. Bincike a makarantu kuma ya sha nuna cewa matashin da ke amfani da sitiroyid ya fi sauran yiwuwar shan giya da wasu ƙwayoyin da shiga faɗa. Alamu sun nuna duka biyun akwai su. Abin da ke yawan haɗa su shi ne tarihin tsangwama: wanda aka yi ta kira da tsinke, ko gajere, ko tulu, ya ƙudurta ba za a sake raina shi ba. Kuma ƙiyasin Pope na 2014, wanda ya ce Amurkawa miliyan 2.9 zuwa 4 ne suka taɓa sha, ya nuna kusan kashi 22 cikin 100 ne kawai suka fara kafin shekara 20. Sauran sun jira har suka samu kuɗin kansu da ɗakin kansu. Wannan ne ya sa takardar makaranta ba ta ganin yawancinsu.

Jikin da bai gama girma ba

Illar da ta keɓanta da matashi ita ce ta tsayi. A bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsin da tsayi ke ƙaruwa ta wurinsa, kuma sinadaran balaga ne ke rufe shi a ƙarshen girma. In aka cika jini da su tun ana shekara 14 ko 15, jiki yana iya ɗauka girma ya ƙare ya rufe da wuri. Ba ya sake buɗuwa.

Sai maraina. Ƙwaƙwalwa tana auna yawan testostiron a jini, in ta ga ya yi yawa sai ta daina aika umarnin a samar. Maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ɗauke. Wani ɓangare na maganin kuma jiki yana juya shi zuwa sinadarin mata, shi ya sa nono ke fito wa wasu samarin, sau da yawa sai an yi tiyata. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan. Akwai ƙuraje a baya da kafaɗa, sanƙo da wuri ga mai gadonsa, da lalacewar hanta musamman daga ƙwayoyin haɗiya. Ga 'yan mata, al'ada takan rikice, gashi ya fito a fuska, murya kuma in ta yi kauri ba ta komawa.

Zuciya ce ta fi ɗaukar lokaci kafin ta nuna. A 2017 likitoci a Boston sun duba 'yan ɗaga ƙarfe 140, suka tarar zuciyar masu amfani da maganin ba ta harba jini da ƙarfin ta waɗanda ba sa sha, jijiyoyinta kuma sun fi toshewa gwargwadon shekarun da aka yi ana sha. A Denmark an bi diddigin maza 545 da aka kama da maganin a gidajen motsa jiki, aka ga yawan mutuwa a cikinsu ya ninka na tsararrakinsu sau uku.

Batun fushi kuwa an ɗan zuzuta shi. A wani gwaji na 2000 kan maza 50, 42 ba su nuna wani canjin hali na a zo a gani ba, shida sun ɗan sauya, biyu sun birkice sosai. Matsalar ita ce babu hanyar sanin wanda zai faɗa cikin biyun tun kafin ya fara. Abin da ya fi yawa shi ne na bayan dainawa. Testostiron ɗin waje ya tafi, na jiki bai dawo ba, sai a yi makonni ko watanni cikin kasala, rashin sha'awa da baƙin ciki, ga tsokar da aka yi alfahari da ita tana zagwanyewa. Wanda ya rantse "zagaye ɗaya kawai zan yi" a nan yake komawa. An ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 na masu sha suna kamuwa har su kasa bari.

Hukunci, gwaji ko jan kunne?

Amurka ta zaɓi hukunci, ta kuma faɗaɗa dokar a 2004 da 2014. Suwidin ta haramta shi kansa shan a 1999, Norwe ta bi sahu a 2013. Masu goyon baya suna cewa doka tana gaya wa yaro abin ba wasa ba ne, tana kuma ba 'yan sanda damar kama dillalai, kuma suna nuni da raguwar da aka gani a makarantun Amurka bayan 2004. Masu suka suna tunatar da cewa ƙungiyar likitocin Amurka ma ta yi adawa da dokar 1990, kuma abin da ya biyo baya shi ne kasuwar bayan fage. Ana shigo da gari daga waje, a dama shi a ɗakin girki, a liƙa masa takarda. A samamen 2007 kaɗai hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka ta rufe irin waɗannan wurare 56. Gwaje-gwajen kayan da ake kamawa a ƙasashe daban-daban sun nuna kusan ɗaya cikin uku jabu ne.

Gwajin fitsari a makarantu shi ya fi samun cikakken gwaji a Texas, bayan mahaifin Taylor Hooton ya ba da shaida a gaban majalisar Amurka a Maris ɗin 2005. Jihar ta yi doka a 2007, ta kashe kusan dala miliyan 10, ta gwada ɗalibai sama da 63,000, ta kama 'yan tsiraru, a 2015 ta rufe shirin. Masu kare shi sun ce ƙarancin waɗanda aka kama shi ne nasarar, tsoro ya hana. Masu suka sun ce an tsara gwajin yadda kauce masa ba wuya. Akwai kuma abin da babu ɓangaren da ke musantawa: 'yan wasa kaɗai doka ta ba damar gwadawa. Yaron da ke ɗaga ƙarfe a garejin gidansu don hoto babu mai kiransa ya kawo fitsari, an bar jaki ana dukan taiki. Denmark ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa ta hanyar kai gwajin cikin gidajen motsa jiki na kuɗi, sai dai ana sukarta da cewa masu sha suna komawa wuraren da ba su shiga tsarin ba ne kawai.

Birtaniya ta bi wata hanyar. Mallakar maganin don amfanin kai ba laifi ba ne a can, amma sayarwa na iya jawo ɗaurin shekara 14, kuma tun 2012 an hana shigo da shi ta gidan waya. Cibiyoyin da ke ba da sababbin allurai don hana yaɗuwar ƙanjamau da ciwon hanta suna karɓar masu gina jiki, a wasu wuraren ma su ne mafi yawan masu zuwa. Hujjar ita ce wanda ya shigo ƙofa ana iya auna jininsa a yi masa magana. Amma in mai shigowar ɗan shekara 16 ne, ma'aikacin lafiya yana tsaka mai wuya, ya ba shi a ce ya ɗaure masa gindi, ya kore shi ya je ya yi tarayyar allura da wani.

Hanyar da ta fi samun shaidar bincike a kan matasa ita ce mafi ƙarancin hayaniya. Linn Goldberg na jihar Oregon ya gano tun farkon shekarun 1990 cewa laccar tsoratarwa zalla ba ta sauya ra'ayin yara. Sai ya tsara shirin ATLAS, inda 'yan wasa ke koyar da junansu a ƙananan rukunoni: a faɗi gaskiya cewa maganin yana gina tsoka, a faɗi farashinsa, a koya musu abinci da atisayen da za su kai su wani wuri, a kuma zauna a warware tallace-tallacen mujallu. A makarantu 31 da aka gwada shi, sababbin masu fara sha sun ragu da kusan rabi. Rauninsa shi ne irin na gwajin Texas, ta ƙungiyar wasa yake isa ga yaro.

Abin da ke isowa gida

Ga iyali, alamun farko na jiki ne: girma cikin 'yan makonni wanda ya wuce abin da abinci da atisaye za su bayar, ƙuraje sun cika baya, saurin hasala, ciwo ko kumburi a kan nono, kuɗi na ɓacewa, rufe ɗaki. Ɗaya daga cikinsu kaɗai ba hujja ba ce, domin balaga ma tana kawo rabinsu. A garuruwan da ake iya sayen maganin da sai da takardar likita a kemis ba tare da takardar ba, ba doka ce ke tsakanin yaro da allura ba, mai kemis ne da farashi. Kuma yaron da ya shiga ya ce a ba shi "maganin ƙara jiki" yana iya fitowa da deksa, wato deksametazon, ya kumbura, ya zaci tsoka ce.

Kuɗin da ke biyo baya yakan fi na sayen maganin: tiyatar nono, gwajin hanta da zuciya, sannan shekaru bayan haka zirga-zirgar asibitin haihuwa, inda sau da yawa matar ake fara tuhuma kafin a tuna a tambayi mijin abin da ya sha yana saurayi.

Lokacin da iyaye suka gano kwalba a ɗakin ɗansu, abin da ya fi zuwa zuciya shi ne a ƙwace, a yi faɗa, a ce daga yau an daina. Likitoci kuwa makonnin da ke biye da dainawar suka fi sa wa ido, domin a nan ne testostiron ɗin jiki ke ƙasa, damuwa kuma ke sama. Abin da ake yi a asibiti shi ne a auna sinadaran jini da hanta da hawan jini, a tambayi yaron kai tsaye ko tunanin cutar da kansa yana zuwa masa, a kuma ci gaba da ganinsa har jikinsa ya koma samar da nasa, abin da kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara.